Gwaggo Tursunoy da Farar Ƙasa

Idan Gwaggo Tursunoy ta tsaya hira a hanya, dugadugin ƙafarta ta dama ba ya zama wuri ɗaya. Takan murza shi a ƙasa, ta sake murzawa, bakinta kuwa yana ta zuba labarin ciwon gwiwa ko na surukar wance. Mutanen ƙauyen Yangakli sun ɗauka ƙafar ce ke damunta. Sai wanda ya rasa abin cewa a cikin taro, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, shi zai ga ta zaro ƙwayar yangak ɗaya, irin wata babbar bishiya mai 'ya'ya kamar gyaɗa, daga aljihu ta sake ta, ƙwayar ta bi gefen siket ta faɗi, dugadugin ya binne ta. Yawancinsu da sun tsiro shanu ke cinyewa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ba ta kuma fasa ba.

A ƙauyen aka haife ta, a nan ta yi aure, tsakanin gidan ubanta da na mijinta ba nisan da zai sa shayi ya huce. Ta fi shekara talatin tana share makarantar garin, har waɗanda ta kora da tsintsiya saboda takalmi mai laka suka kawo nasu 'ya'yan ta kora. Amma abin da aka fi saninta da shi farar ƙasa ce. Kowa a wannan kwari yana shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa idan dusar ƙanƙara ta narke, kafin bikin Nauruz, sabuwar shekararsu. Ita ba ta tsayawa a itatuwa. Turakun lantarki, duwatsun bakin hanya, tsohuwar tayar tarakta da ke ƙofar masallaci, duk sai sun sha. Mijinta Ergash, tsohon direban babbar mota wanda kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, yakan ce a makon nan ba ya yarda ya jingina da bango, don kada a shafe shi har gwiwa a ce ai bai motsa ba.

Bayan gidansu akwai gangare, tsirara tun daga sama har ƙasa. Da can dajin yangak ne da tuffar daji. A shekarun da wuta ta ɗauke, gawayi ya yi wuya, sanyi kuma bai ji tausayin kowa ba, mutanen gari suka sare shi suka hura. Tursunoy ma ta sara, da jariri a baya, ba ta kuma taɓa cewa ba ta sara ba. Sai ga shi wata shekara an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasar gangaren ta zaftaro ta tafi da akurkin kajinta da rabin garken saniya, ta tsaya a gindin bangon ɗakin baya. Tun daga ranar, da hadari ya haɗo sai ta kwashe katifu da jikoki ta mai da su ɗakin gaba, ta zauna bakin taga tana sauraron tudun.

Don haka da mutanen gandun daji suka zo daga birni da maganar mai da itatuwa kan tuddai, ita ce ta fara shimfiɗa musu tabarma. Sai dai ba da gangarenta suka fara ba. Suka zaɓi wani tudu a tsallaken ƙorama don gwaji, aka kewaye shi da waya, gari ya fito aka dasa ƙananan yangak da tuffa. Kowane dashe aka ɗaura masa ƙaramar alamar ƙarfe mai zane, wadda wayar hannu ke karantawa ta faɗi ranar da aka dasa shi da tsawon da ya ƙara. Aka kafa turaku masu akwatuna, wasu suna auna danshin ƙasa, wasu kyamarori ne da ke ɗaukar duk abin da ya gifta, kowane da baƙin faranti a kansa. Duk abin da akwatunan suka gani, suna aikawa birni da kansu.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya. Idan tudun gwaji ya zauna lafiya, shanu ba su shiga ba, ba a taɓa kayan aiki ba, to da kaka za a dasa gangaren bayan gidan Tursunoy. Idan kuwa aka taɓa kayan, dashen zai koma wani ƙauye, domin masu jira suna da yawa. An san ba wasa ba ne, don a kwarin da ke maƙwabtaka da su wasu sun kwance farantan sun kai gida, aka tattara aka bar musu tudunsu yadda yake.

Ranar da aka yi bayanin akwatunan, maza suna zaune a farfajiyar makaranta. Mata suna bayan gini a bakin tukunya, suna dafa wa baƙi shinkafa da karas da naman rago. Da dare ya yi Tursunoy ta tambayi Ergash abin da aka ce. Ya ce ya zauna ne ta inda kunnen hagu ke fuskantar mai magana, amma dai ya gane akwatunan ƙirga itatuwa suke yi, kuma kada a sace su.

Babu wanda ya naɗa ta mai gadi, ita ta naɗa kanta. Kullum da safe takan tsallake ƙorama da takalmin roba ta zaga shingen. Ta yi faɗa da duk mai saniya a garin, har da limami. Idan ta zo wucewa gaban kyamara takan gyara ɗankwali, ta ce wa akwatin ina kwana, tunda ba a san wa ke kallo a birni ba.

Da sanyi ya wuce, mai gari Hoshim ya sanar cewa bayan Nauruz manya za su zo su duba tudun, su yanke magana a kan gangaren. Tursunoy ta hau ta tsaya ta ƙare wa wurin kallo da idon mai jiran baƙi, sai ta ji kunya ta rufe ta. Dashen sun rayu, amma ga su nan tsaye da ƙafafu baƙaƙe kamar yaran da aka fito da su salla babu wando. Turakun sun yi tsatsa. Ko wurin da babu mai shi ba a barinsa haka a makon Nauruz.

Ta sauko ta kira gayya. Ta fara da Sharofat, maƙwabciyarta, wadda suka yi shekara arba'in suna musu a kan wa ta fi iya gurasa. Sharofat ta ce ita bayanta na ciwo, amma za ta zo don kada Tursunoy ta yi aikin rabi da rabi yadda ta saba. Mata suka hau da bokitai da burushin ciyawa, Ergash ya kai musu buhunan farar ƙasa a kan jaki ya gudo.

Aiki ya yi kyau. An yi waƙa, an ci gurasa da shayi a kan ciyawa, an yi gulmar waɗanda ba su zo ba. Kowane dashe aka shafe shi daga ƙasa zuwa inda hannu ya ga dama, alamar ƙarfen da ke jikinsa ma ta sha nata. Kyamarori kuwa Tursunoy ba ta bar wa kowa ba. Ta san suna da ido, don haka ta zo da ƙaramin burushi tana zagaye idon a hankali kamar mai sa wa amarya kwalli. Ba ta lura da cewa ruwan yana gangarowa bayan ta wuce ba, ba ta kuma san ɗan gilashin da ke ƙasan idon shi ke jin motsi ba.

Sharofat ta ɗago burushi ta nuna sama. "Ke Tursunoy, wannan baƙin farantin fa?"

"Rufin akwatin ne. Shafe shi."

"Kin tabbata? Yana da ƙyalli."

"Ƙyallin me? Baƙi su zo su tarar da abu kamar gindin tukunya? Idan hannunki ba ya kaiwa ki ce ba ya kaiwa, ki ba ni."

Hannun Sharofat ya kai. Da suka sauko da yamma suka waiga daga bakin ƙorama, tudun yana ta haske layi-layi. Har Ergash ya ce bai taɓa ganin daji mai tsabta irin wannan ba.

Aka sha biki. Bayan 'yan kwanaki aka bugo wa Hoshim waya daga birni cewa akwatunan Yangakli suna ta yin shiru ɗaya bayan ɗaya, yanzu babu ko guda da ke magana. Haka na kwarin maƙwabta suka yi lokacin da aka kwance su. Kafin azahar labari ya zaga gari cewa an yi sata a tudu. Maza suka taru a shagon shayi suna lissafa samarin da ba su da aikin yi. Tursunoy ta fi kowa zafi. Ta tsaya a tsakar titi ta ce duk wanda ya yi wannan, da shi da wanda ya haife shi, ta san su tun suna majina, kuma za ta gano. Ta hau tudun tana haki, ta bi turakun ɗaya bayan ɗaya. Kowane akwati yana nan, fari tas. Ta sauko da murna ta ce wa Hoshim ya gaya wa mutanen birni su duba nasu injin, na Yangakli ko ƙura babu a jikinsu.

Washegari Begimai ta iso. Ita ce yarinyar da ta kafa akwatunan, 'yar siririya mai jakar baya, ba ta cika magana ba. Tursunoy ta raka ta, Sharofat da Ergash suka biyo baya don kada a ba su labari. Da suka shiga shingen Begimai ta tsaya. Ta dubi turke na farko, ta ɗaga kai ta dubi farantin, ta sa farce ta kankare gefensa. Ta kara wayarta a kan alamar wani dashe, wayar ba ta ce komai ba. Sai ta nemi dutse ta zauna, shi ma fari ne.

"Gwaggo, wa ya yi wannan aikin?"

"Mu ne, 'yar nan. Sau biyu muka bi shi, na farko bai kama sosai ba."

Begimai ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa, ba a san ko dariya ba ce ko kuka. Da ta ɗago ta yi bayani a hankali, tana ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifin. Farantin nan ba rufi ba ne, da shi akwatin ke shan rana, ranar ce abincinsa. An rufe masa baki, ya ci abin da ya rage a cikinsa, ya mutu. Ta ciro kati daga wata kyamara ta sa a allonta ta nuna musu. Ga zomo. Ga dila da asuba. Ga beguwa tana wucewa da 'ya'yanta, abin da aka yi shekaru ba a gani ba a wannan tudu. Sai ga fuskar Tursunoy ta cika allon, ta ɗan fito da harshe tana saita burushi. Daga nan sai fari.

Ergash ya matso da kunnen dama. "Uwar yara, ashe ke ce ɓarawon. Jiya har iyayenki kika zaga a titi."

Sharofat ta ce ita dai ta faɗa yana da ƙyalli.

Tursunoy ta juya ta dubi gari. Daga inda suke ana hango rufin gidanta, da gangaren da ke tsaye a kansa. Ta tambayi Begimai ko wannan ya shiga cikin taɓa kaya. Begimai ta ce ya shiga, kuma ba za ta iya rubuta cewa ba a taɓa ba. Manya kuma suna tafe ƙarshen mako.

Abu na farko da Tursunoy ta yi shi ne ta kai yarinyar gida ta ba ta abinci, don ba a shawara da mai yunwa. A kan shayi Begimai ta ce farar ƙasa tana fita da ruwan tsami idan an bi a hankali, sai dai wurin da yawa, ita kaɗai ba za ta gama ba ko a wata guda. Ruwan tsami kuwa babu gidan da ba shi da kwalba, na jiƙa kabeji da kokwamba. Tursunoy ta ɗaura ɗankwali ta sake bin gidajen da ta bi a makon jiya. Wannan karon ya fi wuya. Kowace ƙofa sai an sa ta maimaita labarin, an kira na cikin ɗaki su zo su ji, wata ma ta tambaye ta ko an kama ɓarayin. Ta tsaya ta shanye. Amma duk sun zo, har da waɗanda aka yi gulmarsu ranar farko, da kwalabe da tsummoki da tsofaffin burushin haƙori.

Gayya ta biyu babu waƙa, sai tsiya. Tudun ya gauraye da warin tsami, Sharofat ta ce ko beguwar ta dawo za ta ɗauka an jiƙa ta ne. Begimai tana bi tana nuna inda za a goge da inda ba za a taɓa ba, mata suna yi mata tambayoyi: wannan me yake ji, wancan wa yake gaya wa, shin suna ganin mutum idan ya zaga bayan dutse. Ta amsa duka, har muryarta ta fara fitowa. Farantai suka koma baƙaƙe. Da rana ta buge su, ƙananan fitilu suka fara ƙiftawa, duk wadda ta kama sai mata su yi mata barka kamar an sauka lafiya. Akwatuna biyu dai ba su farka ba, ruwa ya shige su. Akwai kuma layin ƙananan dashe na bara, masu fata kamar ta jariri, da farar ƙasar ta yi wa ƙarfi ta ƙone musu idon toho. Tursunoy ta durƙusa a gabansu ta daɗe tana taɓa su ɗaya-ɗaya. Wannan ya fi hoton ciwo.

Ana gobe baƙi za su zo, Hoshim ya same ta da wata dabara. Ya ce a ce yara ne suka yi wasa da bokiti, ai babu mai kama yaro da laifi.

"Yaran wa?" in ji ta. "Shekara talatin ina share musu aji, ban taɓa ɗora musu abin da ba su yi ba. Kuma kai ba ka ga hoton ba ne? Wane yaro ne da wannan hancin?"

Baƙin suka zo a mota biyu. Shugabansu dattijo ne mai farin gashi, yana tafiya da hannu a baya. Suka zaga tudun, aka tashi wani ɗan jirgi maras matuƙi ya yi shawagi yana ɗaukar hoto, aka duba rayayyu da matattu. Begimai ta faɗi abin da ya faru ba ragi ba ƙari. Sannan aka sauko farfajiyar makaranta, inda aka jera butocin shayi da kofunan da aka aro daga gidaje. Tursunoy ta miƙe a gaban maza. Ta ce ita ta kira gayyar, ita ta ce a shafe farantan, sauran bin ta kawai suka yi. Ta ce idan hukunci ne a hana ta hawa tudun, amma kada a hana gangaren itatuwa, don akwai gidaje a ƙarƙashinsa, ba nata kaɗai ba.

Dattijon ya juya kofinsa. "Baiwar Allah, ranar da aka yi bayanin kayan nan, kina ina?"

"Ina bakin tukunya, ranka ya daɗe. Shinkafar da kuka ci har kuka nemi ƙari, ni na dafa."

"Wa kuma ya kawo miki bayanin?"

Ta nuna Ergash. Ergash ya ga ana kallonsa, ya ɗaga hannu ya ce lafiya lau, alhamdulillahi.

Farfajiyar ta ɗauki dariya, dattijon ma sai da ya ajiye kofi. Ya ce tsohuwarsa, Allah ya ji ƙanta, ta taɓa shafe masa tayoyin keke. Amma bai ce an yafe nan take ba. Suka koma gefe shi da mutanensa suka yi ta magana ƙasa-ƙasa, Begimai tana nuna musu abu a allo. Tursunoy ta zauna tana murza bakin ɗankwalinta. Sharofat ta tura mata alewa a hannu ba tare da ta dube ta ba.

Da suka dawo dattijon ya ce sharaɗi sharaɗi ne, akwatuna biyu sun mutu, ba za a yi kamar ba a gani ba. Sai dai shanu ba su shiga ba, ba a ɗauki komai ba, mafi yawan dashen kuma suna raye. Don haka bana za a dasa rabin gangaren, rabin sama, sauran sai an ga yadda baɗi ta yi. Kuma daga yau duk bayanin da za a yi, Begimai za ta fara yin sa a bakin tukunya kafin a zo farfajiya.

Tursunoy ba ta san ko murna za ta yi ba. Ta ja Begimai gefe ta tambaye ta rabin sama daga ina zuwa ina. Yarinyar ta buɗe hoton da jirgin ya ɗauko, ta ja yatsa a kai. Tursunoy ta daɗe kafin ta gane rufin gidanta, don ba ta taɓa ganinsa daga sama ba, ta kuma lura cewa kwano ɗaya ya ɗage Ergash bai gyara ba. Layin ya bi ta saman kwazazzabon da laka ke sauka ta cikinsa, ya rufe shi duka. Ta ce to. Ta tambaya ko za a bar ta ta riƙa hawa. Begimai ta ce da bokitin ruwa dai, Gwaggo.

Da motocin suka tafi maza suka watse, kowa yana ba da labarin yadda shi ya ga abin. Tursunoy ta naɗe hannun riga ta wanke butocin shayi da kofuna a famfon makaranta, ta jera su a kwando, ta bi gida-gida tana mayar wa kowa nasa.